Zuciyar Beya a Cikin Wayata

Rauda ce ta kawo abin awon jinin, shekarar da jiri ya kayar da ni a tsakar gida. Ta taso daga Faransa a gigice, ta same ni zaune ina tsintar wake, goshi a kumbure, ta yar da jaka ta hau kuka kamar gawa aka ce za ta tarar. Da ta gama sai ta share fuska ta kafa mini sharaɗi, don 'yata ce, taurin kaina ta kwaso kaf. Ko dai in tattara in bi ta Liyon, ko in yarda kullum da safe in sa hannuna a cikin wannan abu.

Madauri ne da ake naɗawa a damtse, haɗe da ɗan akwati mai allo. Idan an danna sai ya matse hannun har mutum ya fara jin haushi, sannan ya saki, lambobi su fito. Lambobin da kansu suke shiga wayata, daga nan su wuce wurin Rauda, su kuma wuce wurin wata likita a nan garinmu Ƙairawan, Dakta Hayat, wadda Rauda ta damƙa wa amanata.

"Ba sai kin gane lambobin ba, Ummi," in ji Rauda. "Ke dai ki danna."

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a gaban masaƙa ina ƙirga ƙullin darduma, wai yau ni ce ba zan gane lamba ba. Na ƙyale ta. Na taɓa zuwa Liyon ɗin nan, na gama zamana na dawo ba wanda ya buga ƙofa ya ce a sam masa gishiri. Saboda haka na miƙa hannu na ce ta ɗaura. Kuma gaskiya abin ya yi mini rana. Shi ya nuna cewa maganin da nake sha ya yi mini yawa, aka rage, jirin ya tafi. Na zauna a gidana, ina shara da kaina, ina zuwa kasuwa da ƙafata.

Abin da Rauda ta manta, da yake ta daɗe a waje, shi ne a lungunmu ba a mallakar kaya. Babban madambacin da ake turara kuskus ɗin biki na maƙwabciyata Duja ne, amma ya fi kwana a gidajen mutane. Tsanin gidan ƙawata Beya shi kowa ke hawa ya shafa farar ƙasa kafin azumi. Injin niƙa namana kuwa, idan Babbar Sallah ta zo, sai na bi gida-gida ina cigiyarsa. Matar da ta rufe ƙofa a kan abinta, har jikokinta sai sun sha gori.

Bayan la'asar a gidana ake shan shayi, saboda itacen lemon tsamina ya fi ba da inuwa. Beya da Duja ba sa fashi. Beya ƙawata ce tun muna 'yan mata. Kafaɗa da kafaɗa muka zauna a gaban masaƙa ɗaya, lungu ɗaya aka kawo mu aure, mazajenmu kuma suka rasu kusa da kusa. Siririya ce, baki kamar reza, tana alfahari da cewa ba ta taɓa kwana a asibiti ba sai da za ta haifi ɗanta Lutfi. Duja kuwa jiki ne da ita masha Allah, kuma babu ciwon da za a ambata a gabanta ta ce ba ta da shi.

Ranar da suka fara ganin abin a kan tabarma, Beya ta ɗaga madaurin da yatsa biyu.

"Wannan ne sabon mijin naki, Shadliya? Na ji an ce kullum da safe sai ya riƙe miki hannu."

"Ya ma fi marigayi," na ce. "Wannan ba ya tambayar me aka dafa."

"Ku ɗaura mini don Allah," in ji Duja, har ta naɗe hannun riga. "Tun jiya nake jin kaina kamar ana daka a ciki."

"Ba zai zagaye ba," in ji Beya. "Sai an ƙara masa igiyar shanya."

"Ke kuma sai an naɗa sau uku, tsinke kawai."

Muka auna Duja. Lambarta ta fito da ɗan yawa, ta ji daɗi sosai. Kafin mako ya zagayo labari ya gama lungu. Matar mai gidan burodi ta zo, surukar liman ta zo, har wata da rabona da ita tun wani suna ta tuna muna da zumunci. Kowa ta sha shayi, ta ci makrud, cincin ɗinmu mai dabino, ta miƙa damtse. Ni kuwa a zatona abin da ya iya aika magana har Faransa ai ya isa ya bambance hannuna da na Duja, wanda ya yi biyun nawa. Ashe bai san hannun kowa ba. Duk wadda ta danna, a wurinsa Shadliya ce.

Beya da farko ta ƙi, ta ce ita lafiyarta ƙalau, marasa aikin yi ne ke neman ciwo da kansu. Daga baya na lura ta fara aunawa, amma ita ce ta ƙarshe, sai Duja ta tashi wanke kofuna. Kuma da lambar ta fito sai ta rufe allon da gefen mayafinta, ta ce lambar mace sirrinta ce, kamar shekarunta. Muka yi dariya muka bar ta.

Wata safiya Rauda ta kira ni ta hoto. Ina ganin fuskarta na san ba lafiya.

"Ummi, me kike ci da rana?"

"Abin da na ciyar da ke har kika yi wannan tsawon."

"Ba wasa nake yi ba. Dakta Hayat ta kira ni. Da safe awonki lafiya lau, amma da yamma sai ya hargitse, ya hau ya sauka, kamar ba na mutum ɗaya ba."

Dariya ta kama ni har da tari. Na buɗe baki zan ce mata ai dama ba na mutum ɗaya ba ne, sai ta ci gaba.

"Wannan ba shi ya tayar mata da hankali ba. Akwai wata 'yar alamar zuciya da ke fitowa a gefen lambar, a awon ƙarshe na yamma, kusan kullum. Ta ce bugun ba ya tafiya daidai. Ta ce irin wannan ba a wasa da shi, Ummi, tana son ganinki."

Na daina dariya. Awon ƙarshe na yamma. Na tuna gefen mayafin da ke sauka a kan allo. Na ce wa Rauda to, zan je, na kashe wayar. Ban yi mata ƙarya ba a ranar, amma ban faɗa mata gaskiya ba, don a ganina maganar ba tawa ba ce da zan aika ta Faransa kafin in ji daga bakin mai ita.

Na yafa mayafi na shiga gidan Beya. Na same ta a kan soro tana jera jan barkono a rana.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun yaushe me? Ba sallama, ba ina kwana?"

"Beya, ni za ki yi wa wannan? Na san ki tun ba ki da haƙoran gaba."

Ta ci gaba da jera barkononta kamar ba da ita nake ba. Can sai ta zauna a kan bokiti, ta dafa ƙirji.

"Tun kafin abin naki ya zo. Wani lokaci sai zuciyar ta hau fat-fat kamar an rufe kaza a kwando, in ta gaji ta kwanta. Da na ga alamar nan a allonki na san ba ƙarya jikina yake mini ba."

"Shi ne kika yi shiru?"

"In faɗa wa wa? Lutfi?" Ta yi tsaki. "Yaron nan ya gama shirya mini ɗaki a birnin Tunis tun bara. Ya ce ranar da likita ya ce uffan a kaina, ranar zai zo da mota. Ɗaki mai kyau, Shadliya, can saman bene, har da taga. Na leƙa ƙasa na ga mutane ƙanana-ƙanana suna wucewa, ba mai ɗaga kai. Wa zan zaga a can? Wa zai zage ni?"

Na zauna kusa da ita, ƙurar barkono tana shigar mini hanci.

"A gidan nan aka kawo ni amarya," in ji ta. "Daga nan nake so a ɗauke ni a kai ni kusa da mijina Hedi. Ba wani abu mai yawa na roƙa ba. Tunda abin naki ya ce ke ce, to ki bar shi a ke ce. Ki je wurin likitar, ta ba ki maganin, ki kawo mini. Bara ba ni na ba ki na ciwon gwiwa ba?"

"Wannan zuciya ce, Beya, ba gwiwa ba."

"Zuciyata ce ai. Ki rantse ba za ki faɗa ba."

Ban rantse ba, amma na ce mata bakina ƙanin ƙafata, wanda a tsakaninmu duk ɗaya ne. Yaya zan ƙi? Abin da take tsoro shi nake tsoro. Ni ma ɗaki na jira na a Liyon, da taga da komai. Bambancina da ita kawai, ni 'yata ta yarda ta tsare ni daga nesa da ɗan akwati, ita kuwa ɗanta bai san wata hanya ba sai mota.

Na je wurin Dakta Hayat. Yarinya ce sa'ar Rauda, mai magana a hankali. Ta kwantar da ni, ta manna mini wayoyi a ƙirji, ta daɗe tana kallon abin da ke fitowa.

"Inna Shadliya, zuciyarki ta fi tawa lafiya."

"Alhamdu lillahi. To a ba ni maganin in tafi."

"Maganin me?"

"Na alamar nan da ke fitowa."

Ta juyo da allonta ta nuna mini. Awon safe a jere, a miƙe kamar zaren da aka ja. Na yamma kuwa kamar kyanwa ta shiga cikin ulu. Ta tambaye ni ko akwai wani da ke sa hannu a madaurin ban da ni. Na mayar da hankalina kan bango, inda aka manna hoton wata uwa da jariri, na yi ta kallonsa kamar na san su.

Ba ta matsa mini ba. Ta ce maganin nan tsinka jini yake yi, sai an duba ƙodar mutum, an san nauyinsa da sauran abin da yake sha, in ba haka ba maganin da kansa yana iya kisa. Ta ce ba za ta rubuta wa zuciyar da ba ta saurara ba. Sannan ta matso da kujerarta kusa da ni.

"Mai irin wannan bugun, Inna, jini yakan dunƙule masa a zuciya ya tafi kai. Idan kika ga baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko harshe ya yi nauyi, ko da nan take ya wuce, kada ki jira gobe. Na farkon gargaɗi ne. Na biyun ba ya barin mutum yadda ya same shi."

Na fito ba magani a hannuna. Da na faɗa wa Beya sai ta taɓe baki ta ce likitocin yanzu rowa ce da su, ita ma ta fasa, dama ba ta son haɗiyar ƙwaya.

Rauda kuwa ta daina barci, don duk da likita ta ce zuciyata ƙalau, alamar ba ta daina fitowa ba. Safe da yamma tana kan waya, ido ya faɗa, tana tambayata ko na ji wani abu a ƙirji, ta kuma dawo da maganar Liyon. Na ga ina gasa 'yata a kan ciwon da ba ni da shi. Sai na yi abin da a lokacin na ɗauka dabara ce. Na ɗauke abin awon na sa a ƙasan akwatin kayana, na ce wa matan lungu ya lalace.

Duja ba ta yarda ba. "Ya lalace da yamma, ya gyaru da safe ko? Ina jin ƙararsa ta katanga, Shadliya." Ta yi kwanaki tana shan shayina tana kumbura. A gidan burodi na ji ana cewa tun da 'yata ta fara aiko kayan Turai na fara ji da kai. Na shanye.

Awon yamma ya ɓace daga wayar, alamar zuciyar ta ɓace da shi. Rauda ta samu barci, ta ce addu'arta ce Allah ya karɓa. Wayata ta nuna na warke sarai. Ni kuwa kullum ina zaune ina kallon Beya tana kurɓar shayi, ina kallon jijiyar wuyanta. A duk duniya abu ɗaya ne yake ganin abin da ke cikin ƙirjinta yana kuma faɗa, ni kuma na ɗauke shi na danne da barguna. Tsoro ya hana ni sakewa. Ina sallah ina tunanin ta, ina girki ina kasa kunne ko zan ji wani abu ya faɗi a gidanta.

Ranar da abin ya faru, yamma ce mai daɗi, an ɗan yi yayyafi ƙasa tana ƙamshi. Duja tana ba mu labarin wani sabon ciwo da ta samu a ƙugu. Beya ta ɗaga kofi za ta kai baki, sai kofin ya zame daga yatsunta ya fashe a kan dutsen tsakar gida. Na ɗaga kai. Gefen bakinta na hagu ya sauka ƙasa, kamar an ja shi da zare. Ta dube ni ta yi ƙoƙarin kiran sunana, abin da ya fito ba suna ba ne.

"Sai likitan ya ce mini wai sanyi ne," in ji Duja, ba ta ma lura ba. "Na ce sanyi a ƙugu?"

Kafin Duja ta kai ƙarshen labarinta bakin ya koma daidai. Beya ta motsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta ja mayafi ta rufe hannun.

"Kofunanki santsi ne da su," ta ce, harshen da sauran nauyi. "Kya riƙa wanke su da kyau."

"Tashi mu tafi asibiti."

"Asibitin me? Don kofi ya fashe?"

"Beya, na gani."

"Ba ki ga komai ba." Ta kafe ni da ido. "Kin yi mini alkawari, Shadliya."

Na shiga ɗaki na ɗauko waya. Na kira Dakta Hayat na ce mata hannun da take tambaya na Beya ne, maƙwabciyata, kuma abin da ta ce in lura da shi yanzu na gan shi. Ta ce a kawo ta maza-maza, ita ma ga ta nan za ta same mu a can. Na fito na faɗa wa Beya. Ta gyara zama a kan tabarma ta ce sai dai a ɗauke ta da ita. Duja, da sai yanzu ta gane, ta fara salati tana tafa hannu. Na roƙi Beya, na zage ta, na haɗa ta da Allah, ko gezau. Na san matar nan. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya tayar da ita daga kan tabarmar nan, kuma shi ne wanda ta roƙe ni kada ya ji.

Na tsaya da wayar a hannu. Ba zan ce na daɗe ina shawara ba, don ba lokacin. Abin da na gani kawai shi ne Beya kwance shekara da shekaru, rabin jiki a mace, bakin nan nata mai kaifi yana zubar da miyau, ana juya ta kamar kayan wanki. Na nemo lambar Lutfi na kira shi ta hoto, na faɗa masa komai a gabanta, sannan na juya wayar na saita ta da fuskarta.

"Ummi," in ji Lutfi. Namiji mai furfura a gemu, muryarsa ta karye kamar ta yaro. "Ummi, don girman Allah ki tashi."

Ta dube shi, ta daɗe. Ni ba ta dube ni ba. Ta dafa kafaɗar Duja ta miƙe, ta ce a ɗauko mata takalmanta.

A asibiti suka ce mun zo a kan gaɓa. Suka riƙe ta, suka yi gwaje-gwajensu, suka ɗora ta a kan magani. Lutfi ya iso tun kafin a gama ba ta gado. Ni kuma na kira Rauda na warware mata zance tun daga farko. Da na gama sai ta ce, "Ummi, da kin faɗa mini ai akwai inda ake dannawa a ware awon baƙo daban." Ashe ɗan maɓalli ne a gefe, na sha goge ƙura a kansa. Ta koya mini, na fito da abin daga ƙasan barguna, Duja ta huce.

Na tare Lutfi a barandar asibitin. Na goya shi yana jariri, saboda haka ban yi masa kwana-kwana ba.

"Ka bar ta a gidanta, ɗana. Ka saya mata irin nawa. Kana Tunis kana ganin zuciyarta kullum, kamar yadda Rauda ke ganin tawa. Ga ni, ga Duja, katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mota. Ba cikin fushi ya amsa ba, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Inna Shadliya, naki ai ya gan ta. Ya faɗa, ya sake faɗa. Wa ya ji? Abin nan yana aiki ne idan mai shi tana so a sani. Ke kina so Rauda ta sani, shi ya sa ya tsare ki. Ummi ba ta so. Ranar da ya nuna abin da bai yi mata ba za ta sa shi a ƙasan gado, ku kuma ku rufa mata, don kuna son ta."

Abin da ya faɗa kuwa shi na yi.

Da aka sallame ta kwana ɗaya kawai ta yi a gidanta, Lutfi da matarsa suna ɗaure kaya. Na shiga in taya su, Beya ta juya fuska bango ta ce kanta na ciwo, ba ta son hayaniya. Na fito. Washegari da hantsi mota ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shigowa ciki. Mata suka fito rakiya. Beya ta tako a hankali, ta sa baƙin mayafinta na zuwa biki, tana tsayawa a kowace ƙofa. Ta rungume matar mai gidan burodi. Ta ce wa Duja ta rage cin makrud ko madaurin ya samu ya huta, Duja tana kuka tana dariya. Da ta zo ƙofata sai ta wuce.

Na koma ciki na ɗebo ruwa a kwano, wanda ake watsawa a bayan matafiyi don ƙafarsa ta dawo da shi gida. Na bi su har bakin lungu na tsaya a bayan motar. Lutfi ya tayar da inji. Sai gilashin baya ya sauka, Beya ta leƙo, ta dubi kwanon, sannan ta dube ni, karo na farko tun ranar da kofin ya fashe.

"Mayar da ruwanki, Shadliya," ta ce. "Ke kin san ba dawowa zan yi ba. Kada ki haɗa mini da ƙarya."

Gilashin ya hau, motar ta ja. Duja tana zungurina tana cewa in watsa, in watsa mana kafin su sha kwana. Ban watsa ba. Na tsaya riƙe da kwanon har suka ɓace, na juya na koma gida da shi a cike.

Beya tana raye. Maganin ya karɓe ta, hannun ya saki, har an ce tana gyara wa matar Lutfi girki ko ba a tambaye ta ba. Lutfi yakan kira ni ranar Juma'a ya ba ni labarinta. Idan na ce ya miƙa mata sai ya ce ta ɗan kwanta, ni kuma ina jiyo muryarta a bayansa tana faɗa da jikoki. Ina kewarta fiye da yadda na yi kewar mijina, Allah ya yafe mini. Mutanen lungu suna cewa na ceci rai, Rauda ma haka take cewa. Da za a mayar da ni wannan yammacin, zan sake ɗaukar wayar, ba ni da shakka. Amma na roƙe su su daina ce mini na kyauta.